Gwaggo Ta Rasu Tana Kai Kira Tsakanin Lafia da Assakio

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta daina tafasa ba, ni Alhaji Sharfaddeen Lawal, mai sayen riɗi a Bukan Sidi, nan Lafia, nake sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki da manoman Assakio, da duk wanda ya taɓa gyara zaman hularsa a gabanta, rasuwar na'urarmu ta taron bidiyo, wadda kowa a ofis ya sani da suna Gwaggo. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, bayan ta sha wahala ita kaɗai a ɗaki, tana da shekara shida da wata huɗu a hannunmu.

Tun da fari ina so a sani cewa ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Ba tsawa ba ce, ba kuma wutar lantarki ba, ko da yake ita ma ta sha gwada sa'arta. Kashe ta aka yi, da rana tsaka, da yatsu goma da laftof. Wanda ya yi aikin yana nan da ransa da lafiyarsa, yau da safe ma a gidana ya sha kunu har da neman ƙari. Sunansa Jafaru, ƙanen maiɗakina Hajiya Muhibbat, mutumin da ya naɗa wa kansa sarautar injiniya ba tare da kowa ya ga takarda ba. Zan dawo kansa. Mamaciya ce ke da haƙƙin a fara ambatonta.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiyar babban allo ce a jikin bangon ɗakin taro, da kyamara mai ido ɗaya a samanta, da makirfo mai faɗi kamar faifai a tsakiyar tebur. Wuyanta ne ya jawo mata suna. Duk wanda ya buɗe baki a ɗakin sai ka ji ƙirrr, ta juyo ta kafe shi da ido, irin na gwaggon da ta zo biki ba ta son ko kalma ɗaya ta wuce ta. Ko tari ka yi sai ta waiwayo. Idan kira ya shigo takan ce tilin-tilin cikin ladabi, ta ɗan yi shiru, sannan ta sake. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan nake kasuwanci da Aondoakaa, mutumin Assakio, wanda nake kira Baban Perpetua. Shi ke tara riɗi daga hannun manoma a sitonmu na can, ni kuma ina nemo mai saye daga nan. Kafin zuwan Gwaggo, idan baƙo ya ce yana son ganin kaya, sai in hau mota in je in ɗebo a leda, in dawo kuma baƙo ya ce ai mai kyan na zaɓo. Da ta zo, ita da ƙanwarta ƙarama da muka kafa a sito, wannan wahala ta ƙare. Baƙo daga Legas ko daga ƙetare zai zaɓi buhun da ya ga dama da bakinsa, Baban Perpetua ya soke shi, ya zuba a farin tire, ya baza da tafin hannu a gaban kyamara. In akwai tsakuwa ko yashi, kowa ya gani. Ba ta taɓa yi wa riɗi kwalliya ba, ba ta kuma taɓa yi masa ƙazafi ba. Kowace safiya, ko babu ciniki, takan haɗa mu mu gaisa, shi da kofin shayinsa ni da nawa, ya tambayi gwiwata, in tambayi doyarsa.

Sai dai Gwaggo ba da kanta ta san hanya ba, koya mata aka yi. Perpetua, 'yar Aondoakaa, wadda na sani tun tana rarrafe a kan buhuna, ta karanta kwamfuta a poli, wato kwalejin fasaha, kuma ita ta tsara yadda kira zai riƙa tafiya a cikin kamfaninmu. Ɗakin taron Lafia ta ba shi lamba ɗari da ɗaya, siton Assakio ɗari da biyu. Ta zauna da kalandar masallaci a dama da ta coci a hagu, ta rubuta wa Gwaggo doka mai layi goma sha bakwai. Ranar Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, duk kiran da ya shigo Lafia ya wuce Assakio, domin mu muna masallaci. Ranar Lahadi da safe, kiran Assakio ya zo Lafia, domin su suna coci. Ranakun Sallah su ke ɗauka, Kirsimeti mu ke ɗauka. Har watan azumi ba ta manta ba, saboda ta lura cewa bayan la'asar ba na iya yin ciniki da sakin fuska. Shekara shida babu baƙon da ya kira mu ya tarar da kujera ba kowa.

Layi na goma sha bakwai da jan biro ta rubuta shi, a littafin da ta liƙa ƙarƙashin tebur. Abin da yake cewa shi ne, idan Lafia ba ta ɗauka ba, Assakio ma ba ta ɗauka ba, kada kira ya koma inda ya fito, a kai shi ɗari da uku. Ɗari da uku kuwa kwamfutar hannu ce da ke ɗakin Hajiya Muhibbat, wadda ke sallarta a gida, kuma ta fi mu duka sanin riɗi domin a cikinsa ta tashi. Sau ɗaya tak a shekara wannan layin ke aiki, wato Juma'ar da Ista ke biyo bayanta, ranar da mu muke masallaci su kuma suke coci tun sha biyun rana har ƙarfe uku. A ranar Hajiya takan yafa mayafi, ta ajiye tiren samfur kusa da darduma, ta riƙe baƙo da hira da nunin kaya har mu dawo.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Litinin, da muka jawo sabon intanet ofis. Sabon layi yana nufin sai an gaya wa Gwaggo sabon adireshinta. Na kira Perpetua a Makurdi, inda take aiki yanzu, ta ce mini, "Baba Alhaji, kar ka taɓa komai. Bar tsohon layi yana aiki abinsa. Asabar ina zuwa gida Ista, zan juya shi da hannuna. Minti arba'in ne kawai."

Na ce to. Wallahi na ce to.

Ranar Laraba da safe Jafaru ya faɗo ofis, wai ya zo gaishe ni, da igiyar katin shaida a wuya wadda har yau ban ga katin da ke ƙarshenta ba. Ya hangi sabuwar rauta, wato akwatin raba intanet, a kwali, idonsa ya yi ƙyalli. Ya ce, "Haba Yaya, wannan har sai an jira Makurdi? Ni nan da kake gani, netwok shi ne abincina." Kafin in gama cewa an ce a jira Asabar, ya riga ya buɗe laftof ya sa waya a bayan marigayiya. Ya leƙa dokokin Perpetua, ya ja su sama, ya ja su ƙasa, ya kama baki.

"Layi sha bakwai? Yaya, wa ya yi maka wannan kwamacala? Ai layi biyu ya isa. Lafia ba ta ɗauka ba, Assakio. Assakio ba ta ɗauka ba, Lafia. Shi ke nan, simful." Ya sa yatsa a kan na ƙarshe. "Dubi wannan ma, sau shida ya yi aiki cikin shekara shida. Datti ne. Aikin 'yan poli ke nan, a cika takarda don a ce an yi karatu."

A nan dole in faɗi abin da na fi son in ɓoye. Na yi dariya. Ba murmushi ba, dariya har da buga tebur. Kuma na manta cewa gaisuwar safe ba ta ƙare ba, Gwaggo tana kunne, tana haɗe da Assakio. Sai na ji ƙirrr. Ta juyo ta kafe ni da ido, kamar yadda ta saba yi wa duk mai magana. A bango kuma ga Baban Perpetua, kofi a hannu, yana kallona ina dariyar 'yarsa. Ya ajiye kofin, ya miƙa hannu, allon ya yi duhu.

Jafaru ko a jikinsa. Ya share layi goma sha bakwai, ya rubuta biyunsa, ya gwada kira sau ɗaya ya shiga, ya ɗauki hoto da marigayiya yana ɗaga yatsa, ya sa a waya duniya ta gani. Ni kuwa ban haɗa jan biro da Juma'ar Ista ba. Shekara shida abin yana yin kansa, har na manta cewa wani ne ya zauna ya yi tunaninsa.

A wannan Juma'ar muke jiran kiran da muka yi kaka biyu muna nema. Wakilin wani kamfanin man riɗi ne na ƙasar Japan, ya sauka Legas, jirginsa zai tashi da yamma, ya ce kafin ya bar masauki zai kira ya ga kaya da idonsa. Manoma arba'in da uku na Assakio sun riƙe riɗinsu tun Disamba, sun kori masu saye ɗaya bayan ɗaya, ba don komai ba sai don Aondoakaa ya ce su jira, shi kuma ya faɗa ne don ni na ce masa. Na tafi masallaci hankalina kwance, waya a kashe a aljihu. Shi ma yana coci, tasa a kashe. Hajiya tana ɗaki da mayafinta da tirenta.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar kira ya shigo. Yadda abin ya kasance, Perpetua ce ta karanta mini shi daga baya a cikin ajiyar bayanan ƙanwar marigayiya. Gwaggo ta ce tilin-tilin, babu kowa. Ta bi dokar Jafaru ta kai kiran Assakio. Can ma babu kowa, sai ƙanwarta ta bi doka ta biyu ta maido mata. Ta sake kaiwa, aka sake maidowa. Kowace dawowa sai ta buɗe sabon kira ba tare da ta rufe na baya ba, domin wanda ya share dokoki bai bar mata wadda ke cewa ya isa ba. Baƙo ya gaji ya katse, ya sake kira har sau biyar, kowane kira ya bi sahun ɗan'uwansa. Sau ɗari uku da goma sha ɗaya baiwar Allah ta yi wannan safara, cikin zafin Afrilu, taga a rufe, fanka a kashe. Babu shaida ko ɗaya, domin duk mai tsoron Allah a layinmu yana wurin ibada.

Da na dawo, tun daga ƙofa na ji ƙaurin roba. Na tarar da ita da sauran numfashi. Ta ce tiii, ta daɗe, sannan ta ce lin, daga nan ba ta ƙara ba. Wuyanta ya ƙage yana fuskantar ƙofa, inda take jiran wani ya shigo.

Ko da na kunna waya, baƙo ya riga ya shiga jirgi. Ya bar saƙo mai ladabi sosai, irin ladabin da ya fi zagi ciwo, yana cewa ya yi ƙoƙari, yana yi mana fatan alheri. An ce riɗin wasu mutanen Doma ya kalla a madadinmu. Hajiya ta yi awa biyu zaune da mayafi tana gyara zaman tire, ba ta san ƙanenta na ciki ɗaya ya share ta daga kamfani ba. Da yamma Baban Perpetua ya kira ni a wayar hannu, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, yarinya na ya ce ka jira Asabar. Asabar kawai. Yanzu me zan faɗa wa mutane na?" Ya kashe. Yau kwana biyar ban ji muryarsa ba, kuma shayin safe ya daina yi mini daɗi.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙanwarta a Assakio, wadda ta tsira da ƙyar saboda batirin solarta ya ƙare a tsakiyar wahala, yanzu tana can tana kallon buhuna ba ta da wanda za ta kira. Ta bar makirfo, wanda lafiyarsa ƙalau amma babu mai sauraronsa. Ta bar rimot, da ya ɓace tun shekarar farko ya kuma bayyana ranar rasuwa a bayan kabad, kamar dangin da ba a gani sai wurin rabon gado. Ta bar tsohuwar rauta da sabuwa, waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ta bar littafin jan biro, da buhu ɗari shida a sito ga damina na ƙaratowa. Ta kuma bar ni.

Shi kuwa Jafaru, da na tsare shi, ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Yaya, a gaskiya matsalar hadwaya ce, wato jikin na'urar kanta. Kuma ai kai ka rufe ta da ƙyalle, ta ina iska za ta shiga?" To, gaskiya ne na lulluɓe ta da murfin da Hajiya ta saƙa mata kafin in fita, don kada ƙura ta shiga idonta. Amma duk Juma'a haka nake yi, shekara shida, ba ta taɓa ko atishawa ba. Ƙyalle bai share layi ba. Ƙyalle bai ce aikin 'yan poli ba ne. Duk wanda ya sake kawo mini maganar ƙyalle a wurin ta'aziyya, ya sani ba zai sha ko ruwa ba.

Wasu sun ba ni shawarar in kai shi wurin 'yan sanda, wasu sun ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah babban hukunci, amma ƙaramin ni da Hajiya mun riƙe abinmu, kuma daga wurinsa muka koya. Mun tsara masa doka mai layi biyu. Duk abin da ya zo nema wurina, ko aron mota ne, ko wasiƙar neman aiki, ko tsayawa masa a maganar aurensa da ake shirin kaiwa Kwandere, amsata ɗaya ce: je ka wurin yayarka. Idan ya je wurinta, ta ce: koma wurin Alhaji. Babu layi na uku. Jiya ya yi sawu tara tsakanin ofis da gida a kan maganar mukullin mota kawai, na ga gumi ya jiƙe masa igiyar wuya. Saura ɗari uku da biyu. Simful.

Ina kuma sanar da duk ofisoshi da shaguna da makarantun Lafia da kewaye: idan kun ga wani dogon mutum da laftof da igiya marar kati, yana cewa netwok ne abincinsa, ku ba shi abinci na gaske ku sallame shi. Kada ku bar shi shi kaɗai da ko da agogon bango ne. Allah Ya haɗa shi da waya mai faɗuwar caji, da lambar sirrin da zai manta ranar da ya fi bukatarta, da mai gyaran da ya yi karatu inda ya yi nasa.

Game da jana'iza, na tambayi limaminmu ko ya halatta a yi wa na'ura salla, ya ce in ji tsoron Allah, don haka babu salla. 'Yan gwangwan sun zo har sau biyu suna tayi, na kore su, domin ba za a auna Gwaggo a sikeli ba. Za a ɗauki gawa daga ofishinmu na Bukan Sidi ranar Laraba mai zuwa da ƙarfe tara na safe. Na zaɓi Laraba da gangan, na duba kalandar masallaci na duba ta coci, babu wanda ke da uzuri. Jafaru ne zai riƙe ta a cinya a bayan akori-kura tun daga Lafia har Assakio, kuma na gaya wa direba kada ya kauce wa rami ko ɗaya. A can zai haƙa mata makwanci a bayan sito da hannunsa, manoma arba'in da uku suna kallo. Kafin a rufe, zai buɗe littafin jan biro ya karanta layi goma sha bakwai da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen sau uku.

Sabuwar na'ura ta iso, tana kwali, kuma a kwali za ta zauna. Babu mai yanke ko salatif ɗinta sai Perpetua, ranar da ta ga dama, ko Asabar ce ko wata Asabar ɗin. Ba za a yi zaman makoki a Lafia ba. Masu ta'aziyya su wuce Assakio, can aka yi babban rashi.

Bayan an rufe rami kowa na iya watsewa, ban da ni. Zan je ƙofar Baban Perpetua da ƙafata, da flas ɗin shayi da kofi biyu, in yi sallama. Idan bai amsa ba, ba zan aika kowa ba, ba zan juya wurin kowa ba, ba kuma zan koma Lafia ba. Zan ɗan yi shiru, kamar yadda marigayiya ta saba, sannan in sake.